Ba Duk Abin Da Ke Ƙyalli A Sama Ne Satilayit Ba

Jama'a, akwai wata al'ada da ta shigo zangunanmu tare da wayar hannu. Da zarar wani ya ɗaga kai da rana tsaka ya hangi farin ɗigo yana ƙyalli a sama, kafin ka ce kwabo ya ɗauki bidiyo ya tura guruf ɗin WhatsApp. Nan take muhawara za ta kaure. Wannan ya ce alamar tashin duniya ce, a koma ga Allah. Wancan ya ce Turawa ne ke leƙen asirinmu. Can sai wani da ya ɗan taɓa boko ya rubuta, "Ku kwantar da hankalinku, satilayit ne." Shi ke nan, kowa ya yi shiru, an sami amsa.

To, ni a matsayina na malamin makaranta, amsar nan ta uku ta fi damuna. Ta yi kama da ilimi, shi ya sa ba mai ja da ita. Amma a mafi yawan lokuta ba daidai ba ce. Da can, abin da ba mu gane ba sai mu ce aljani ne. Yanzu kuma mun koma cewa satilayit ne. Suna kawai muka canza, binciken da ya kamata mu yi har yau ba mu yi ba. Abin da nake so mu koya shi ne yadda za mu duba abu da idonmu, mu auna shi, kafin mu raɗa masa suna.

Bari mu fara da shi tauraron ɗan'adam ɗin. Tun ranar 4 ga Oktoba 1957, da Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, ake tura waɗannan na'urori sama, kuma yanzu dubbai ne ke zagaya duniya. Na kamfanin SpaceX kaɗai, waɗanda ake kira Starlink, sun haura dubu shida a shekarar 2024, shekarar da suka fara sayar da intanet a nan Ghana. Mu ma ai muna da namu tarihin: a 2017 aka saki GhanaSat-1, wanda injiniyoyin Jami'ar All Nations ta Koforidua suka haɗa tare da wata cibiyar fasaha ta Japan. Ɗan akwati ne, kowane gefe santimita 10, nauyinsa kusan kilo ɗaya.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, tauraron ɗan'adam ba shi da fitilar da ke haska mana shi. Hasken rana ne ke dukan jikinsa ya dawo mana, kamar yadda wata ke yi. Don haka lokacin ganinsa sananne ne: bayan magariba zuwa ɗan bayan isha'i, da kuma gabanin asuba. A wannan lokaci mu a ƙasa muna cikin duhu, shi kuwa can sama rana tana haska shi. Idan dare ya tsala, inuwar duniya ta rufe yawancin na kusa da mu. Da rana kuwa, hasken sararin sama kansa ya fi ƙarfinsa. Ka kunna tocila a tsakar gida da azahar ka ga ko maƙwabcinka zai lura.

Ga misali da babban cikinsu, Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa. Faɗinta ya kai filin ƙwallo, tana nisan kilomita 400 daga ƙasa, kuma tun shekarar 2000 ba a taɓa rasa mutane a cikinta ba. Tana gudun kusan kilomita 28,000 a awa, tana zagaye duniya cikin minti 90. Idan ta ratsa ta kanmu da magariba, za ka gan ta kamar babbar tauraruwa mai tafiya, ba ƙara, ba ƙyaftawa, cikin minti huɗu zuwa shida ta tsallake sama ta ɓace. Ita ke nan da girmanta, ganinta da ido da rana tsaka abu ne mai wuyar gaske. Ina kuma ga ƙanana?

Daga nan muka sami ma'auni na farko. Taurarin ɗan'adam na kusa da ƙasa ba sa tsayawa. Gudun nan ne ke riƙe da su a falakinsu. Abin da jama'a suka taru a bakin titi suna nunawa da yatsa har rabin awa yana wuri guda, ba shi ba ne. Wani zai ce ai akwai masu tsayawa wuri ɗaya. Gaskiya ne, su ne na talabijin, shi ya sa mai saka maka dish yake ɗaure shi ya fuskanci gefe guda har abada. Amma waɗannan suna nisan kusan kilomita 36,000. Ko da dare ido ba ya kama su sai da madubin hangen nesa.

Ban ce ba a taɓa ganin tauraron ɗan'adam da rana ba. Tsofaffin taurarin kamfanin Iridium suna da wasu faranti masu sheƙi kamar madubi. In rana ta dake su daidai, sukan yi wani walƙiya na 'yan daƙiƙoƙi wanda wani lokaci har da rana ake gani. Amma zuwa 2019 an maye gurbinsu da sabbi waɗanda ba sa yin haka. Kuma ka lura, daƙiƙoƙi aka ce, ba sa'o'i ba.

To in ba shi ba ne, mene ne muke gani?

Na farko da ya kamata a tuhuma ita ce Zara. Kakanninmu sun san ta sarai. In ta fito da yamma kusa da jinjirin wata su ce Zara matar wata, in ta fito da asuba su ce Gamzaki. Ashe abu ɗaya ne, duniya ce irin tamu mai zagaya rana, Larabawa na ce mata Zuhra. Bayan rana da wata, ba abin da ya kai ta haske a sama, kuma a lokutan da take da ƙarfi, in sama ta washe ba hazo, ana ganinta da ido da rana tsaka: ɗan farin ɗigo, kamar a tsaye. Ga yadda za ka gane ta. Miƙe hannunka ka dunƙule. Zara ba ta taɓa yin nesa da rana fiye da dunƙule biyar. Sannan ka saita ta da kan falwaya ko kusurwar rufin ɗaki, ka yi alama a inda ka tsaya, ka dawo bayan awa ɗaya. In ta matsa yamma kamar dunƙule ɗaya da rabi, kamar yadda rana ke matsawa, to ita ce. Gobe ma a wannan lokaci za ka same ta kusan a wurin. Kada wani ya ji kunya don ta ruɗe shi. Tsakanin 2012 da 2013, sojojin Indiya da ke gadin iyakarsu da Sin a yankin Ladakh sun yi watanni suna kai rahoton wasu fitilu da suka ɗauka jiragen leƙen asiri ne. Da masana taurari suka je suka duba, sai ga shi Zara ce da Mushtari.

Gargaɗi ɗaya a nan, musamman ga iyaye. Mai neman Zara da rana ya tsaya a inuwar gini yadda bango zai kare masa rana. Kada yaro ya kuskura ya ɗaga madubin hangen nesa wajen da rana take. Kuskure na daƙiƙa ɗaya ya isa ya ƙona ido, kuma ba a gyara shi.

Na biyu shi ne balan-balan. Masu hasashen yanayi a ɗaruruwan tashoshi a duniya, har da na maƙwabtanmu irin su Yamai da Wagadugu, suna sakin manyan balan-balan ɗauke da ɗan akwatin auna zafi da laima da iska. Lokutan da aka tsayar don wannan awo su ne wajen sha biyun rana da sha biyun dare agogon GMT, wanda shi ne agogonmu na Ghana. Balan-balan ɗin yana hawa har wajen kilomita 30, yana kumbura yana hawa, har ya fashe, akwatin ya sauko da 'yar lema. Daga ƙasa fari fat ake ganinsa, yana tafiya a hankali inda iska ta kaɗa shi. Akwai ma manya da suka fi wannan. Kamfanin Loon, ɗan'uwan Google, ya yi amfani da irinsu wajen ba da intanet a Kenya a 2020, kafin a rufe shi a farkon 2021. Kuma kowa ya ji labarin na ƙasar Sin wanda ya ratsa Amurka har jirgin yaƙi ya harbo shi ranar 4 ga Fabrairu 2023. Amurka ta ce na leƙen asiri ne, Sin ta ce na binciken yanayi ne iska ta kwashe. Mutanen da suka fara hango shi daga ƙofar gidajensu, farin ɗigo kawai suka gani, irin wanda muke turawa guruf.

Na uku, jirgin sama. Wanda ke can kilomita 10 zuwa 12 sama ba lallai ka ji ƙararsa ba, sai dai ƙyallin jikinsa da farin layin da yake bari a baya. Layin nan tururi ne da ya daskare saboda sanyin sama. Gab da faɗuwar rana yakan yi ja kamar wuta, sai ka ji an ce wani abu na faɗowa, ko kuma a ce tauraruwa mai wutsiya, ganinki ba alheri ba. Alhali fasinjoji ne a ciki ana raba musu shayi.

Na huɗu, jirage marasa matuƙi. Tun watan Afrilun 2019 kamfanin Zipline ya fara kai jini da magunguna asibitocin karkara a ƙasar nan, daga Omenako a Jihar Gabas, daga baya aka buɗe wasu cibiyoyin har da ta kusa da Walewale a arewa. Ga kuma ƙananan na masu ɗaukar bidiyon biki da suna. Waɗannan suna ƙasa ƙasa, ana jin kukan injinsu. Sai na biyar wanda ba a son faɗa: leda. Farar leda da guguwa ta ɗaga a lokacin hunturu tana iya yin sama sosai, tana juyi tana ƙyalli, ta tara mutane a kasuwa.

Ita kanta wayar tana da nata laifin. In ka ja hoton ɗan ɗigo mai nisa har ƙarshe, kyamarar ba ta iya tsayar da shi, sai ta mai da shi wani faifai mai zagaye yana rawa yana canza launi. Wanda aka tura wa bidiyon zai rantse ya ga abu mai siffar faranti. Siffar nan a cikin waya aka ƙera ta, ba a sama ba.

Wani zai ce, Malam, mene ne na damuwa? In mun ce satilayit ne kuma ba shi ba ne, wa ya mutu? Akwai abubuwa uku da nake gani.

Na farko ya shafi lafiya da dukiya, domin akwai ranar da abin yakan zama na gaske, ya kuma sauko. A watan Mayun 2020, ɓaraguzan wata rokar ƙasar Sin sun faɗo a wasu ƙauyukan Kwaddibuwa, nan maƙwabtanmu, har da wani dogon bututun ƙarfe a ƙauyen Mahounou. Ranar 30 ga Disamba 2024, wani zoben ƙarfe mai faɗin kusan mita biyu da rabi, nauyin kusan kilo 500, ya faɗo ƙauyen Mukuku a Kenya da rana, kuma hukumar sararin samaniya ta ƙasar ta ce daga jikin roka ya fito. Yawan harbawa na ƙaruwa, don haka yawan abin da ke dawowa ma zai ƙaru. Yawanci yana ƙonewa tun a sama ko ya faɗa teku, amma ba duka ba. Irin wannan faɗowar ba ta kama da ɗigo mai tsayawa wuri guda: wuta ce mai tafiya tana rarrabuwa gida-gida, wani lokaci da ƙara kamar tsawa daga baya.

A nan nake kira ga 'yan'uwanmu masu sana'ar tsofaffin ƙarafa, don muna da su da yawa a zango, kuma sana'a ce mai albarka. In ƙarfe ya faɗo daga sama, don Allah kada a ɗora shi a kura a kai sikeli. Wasu tankokin roka da na taurarin ɗan'adam suna ɗauke da ragowar wani mai da ake kira haidrazin, guba ne ga fata da huhu. A 1978 wani tauraron Sobiyet, Kosmos 954, ya tarwatse a arewacin Kanada ya watsa sinadarin nukiliya, har daga baya Sobiyet ta biya Kanada dalar ƙasar miliyan uku. Wannan ya kawo mu ga batun haƙƙi. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1972 ta ɗora wa ƙasar da ta harba abu alhakin biyan ɓarnar da ya yi a ƙasa, kuma gwamnati ce ke nema a madadin ɗan ƙasarta. In abin ya fasa maka rufi, kai kuma ka sare shi ka sayar da kilo, ka sayar da shaidarka da hannunka. A bar shi a inda yake, a hana yara zuwa kusa, a ɗauki hoto daga nesa, a sanar da sarkin zango da 'yan sanda ko hukumar NADMO.

Ko dutse ne ya faɗo, kada a raina shi. A watan Oktoban 1962 wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo a gona a Zagami, ƙasar Katsina, kusa da wani manomi. Bincike ya nuna daga duniyar Mirrihi ya taso, kuma har yau masana a ƙasashe daban-daban suna nazarin gutsattsarinsa da sunan wannan ƙauye. Da an jefa shi rijiya don tsoro, da shi ke nan.

Abu na biyu ya shafi ibadarmu. Mu al'umma ce da ke ɗaga kai ta duba sama don ta san ranar fara azumi da ranar salla. Guntun layin jirgi da rana ta haska bayan magariba yana iya ruɗar mai duba ya zaci jinjirin wata ne. Zara ma in hazo ya lulluɓe ta haka. Al'ummar da ba ta saba bambance abubuwan da ke samanta ba, shaidarta a kan wata za ta yi rauni, kuma mun san irin rabuwar kan da hakan ke jawowa. Game da masu cewa kowane ɗigo alama ce ta mutuwar wani babba ko wata masifa, malamanmu sun fi ni sanin abin da ya faru ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu. Rana ta yi husufi, mutane suka danganta abin da rasuwar, shi kuwa ya gyara musu nan take, ya nuna musu rana da wata ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Ko a ranar baƙin cikinsa bai bar jita-jita ta tsaya ba.

Abu na uku su ne yaranmu, kuma nan ne abin ya fi taɓa ni. Yaro ya zo da tambaya mai kyau: "Malam, mene ne wancan?" In aka ce masa aljani ne, an tsorata shi. In aka ce masa satilayit ne ba tare da an duba ba, an koya masa cewa ilimi shi ne ka furta babbar kalma a yi shiru. Duka biyun sun kashe tambayar. Amma in aka ce masa, "Zo mu duba, ina ya dosa? Minti nawa ya yi?", an fara koya masa kimiyya ba tare da an sayi ko kwalba ɗaya ta ɗakin gwaji ba. Masu shekaruna za su tuna husufin rana na 29 ga Maris 2006, da gari ya yi duhu da safe a kudancin ƙasar nan. Saboda an yi ta bayani a rediyo da makarantu tun kafin ranar, mutane da yawa sun fito kallo da tabarau na musamman maimakon su ɓuya a ɗaki. Bayani kafin abu ya faru, shi ne maganin firgici.

Don haka ga abin da nake roƙo, kuma ba ya cin ko sidi ɗaya. Kafin ka tura bidiyo, ka amsa wa kanka tambayoyi biyar. Ƙarfe nawa ne, kuma a wane gari? Ta wace fuska yake, gabas ko yamma, kuma dunƙule nawa tsakaninsa da rana? Yana tafiya ko yana tsaye, in yana tafiya, minti nawa ya ɗauka? Yana bin iska kamar gajimare, ko yana bin rana? Akwai ƙara, ko layi a bayansa? Ka rubuta amsoshin tare da bidiyon, kuma ka ɗauko da bishiya ko rufin gida a ciki don mai kallo ya sami abin aunawa. Wanda ke da data ya buɗe Stellarium, zai nuna masa inda Zara take a wannan minti. Flightradar24 zai nuna masa jirgin da ke kansa da inda ya dosa. Heavens-Above zai ba shi lokacin da tashar sararin samaniya za ta ratsa garinsa. In an yi duk wannan ba a gane ba, a ce ba a gane ba. Ba abin kunya ba ne, matambayi ba ya ɓata. Muna da Cibiyar Kimiyya da Fasahar Sararin Samaniya ta Ghana, masu kula da babban faifan nazarin taurari na Kuntunse. Irin wannan tambaya aikinsu ce.

Ga 'yan'uwana malamai, na boko da na makarantun Islamiyya, ina ba da shawarar mu ware yamma ɗaya a kowane zangon karatu. A duba lokacin da tashar za ta wuce, a tara yara a fili bayan sallar magariba, a gaya musu ƙarfe kaza da minti kaza za ta ɓullo ta nan ta ɓace ta can. Su riƙe agogo da kansu. A gayyato dattawan unguwa su nuna musu Zara da Kaza da 'Ya'yanta da sunayen da suka gada, don ilimin nan yana tafiya da masu shi. Masu kula da guruf-guruf kuma, duk wanda ya turo bidiyon abu a sama, a tambaye shi wuri da lokaci kafin a bar saƙon ya wuce gaba.